Wa Ke Kallon Ɗigon Motata a Hanyar Rabah?

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan kamfanin da nike wa tuƙi, ofishin shiyyar Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wagga takarda ta ishe ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk waɗanda Allah ya sa ƙarƙashin kulawarka.

Ranka shi daɗe, sunana Garba Maccido, mutumin Marnona ne ni cikin ƙasar Wurno. Ni ne direban shuɗiyar a-kori-kurar da ke kai wa masu shaguna taliya da sabulu da man girki da sauran kayan masarufi, daga depo ɗinmu na Wurno zuwa ƙauyukan Goronyo da Rabah. Na daɗe ina wanga aiki, tun kamfanin bai kai haka ba. Ba mu taɓa haɗuwa da kai ba. Ban so in yi magana a bainar jama'a ba, shi ya sa ma na ɓoye sunan kamfanin, don har yanzu ina ganin kaina ɗan gida. Amma na kai kuka wurin jami'in depo, Malam Nasiru, ya ce abin ya fi ƙarfinshi. Na rubuta cikin wurin koke na manhajar da kunka sa mana, amsar da ta dawo ita ce an gode da ra'ayina. To ban san wata ƙofa da ta rage ba sai wagga buɗaɗɗiyar takarda.

Bara, gab da faɗuwar damina, Malam Nasiru ya tara mu ƙarƙashin rumfar lodi ya ce daga ranar kowane direba sai ya sa manhajar kamfani a wayarshi. Ya ce don amfaninmu ne, in mota ta mutu a daji za a san inda muke a kawo ɗauki. Wallahi har daɗi munka ji. Daga nan ya ce kowa zai riƙa samun makin bin ƙa'ida: mai kyau kore, matsakaici rawaya, na ƙasa ja. Wanda ya jera sati uku yana ja, sai a dakatar da shi. Na tambaye shi yadda ake lissafa makin, ya ce na'ura ce ke yi, shi ma bai sani ba. Tun ranar raina bai kwanta ba, domin ban taɓa jin inda ake yanke wa mutum hukunci ba alhali shi da mai karanta mashi hukuncin duk ba su san laifin ba. Ga abubuwan da sunka biyo baya, zan kawo su yadda sunka same ni.

Na ɗaya, maganar sabis.

Manhajar ta ce ba a kai kaya ba sai an tura wata lamba zuwa wayar mai shago, shi karanta mani, in shigar ina tsaye ƙofar shagonshi. Wanda ya tsara haka ban jin ya taɓa zuwa Lahodu. A can akwai wani tudu bayan gari inda kowa ke hawa in zai kira waya. In na tsaya ƙofar shago, lamba ba ta shigowa, sai a rubuta ban kai kaya ba. In na ɗauki mai shago munka hau tudu lamba ta shigo, sai a rubuta na tabbatar da kaya a wurin da ba nan anka aike ni ba. Kowane na bi, maki na raguwa. Ga wasu masu shagunan wayarsu ta kwana biyu babu caji, wasu kuma wayar na hannun ɗansu yana fadama wurin albasa.

Haka tsayuwa. In na tsaya sallar azahar a masallacin bakin hanya, sai in ga an rubuta tsayuwa ba dalili. Ranar da motar wasu masu gero ta kafe cikin taɓo kusa da gulbi, ta toshe hanya, munka sauka munka tura, ita ma tsayuwa ba dalili ce. Wanga duk na haƙura da shi, na ce sabon abu ne, za a gyara. Ba a gyara ba har yau.

Na biyu, maganar hanya, kuma ita ce ta fi ci mani rai.

Ranka shi daɗe, ka san halin da gabashin jihar nan ke ciki. Kafin zuwan manhaja, direba ba ya faɗa wa kowa hanyar da zai bi sai ya tashi. Mukan tsaya tasha mu tambayi 'yan kabu-kabu da sunka fito daga ƙauyuka, su ce nan lafiya, can an ga baƙin babura. Yau mu bi burji, gobe mu zagaya ta titi, wani lokaci mu bar wani gari sai jibi. Da haka Allah ke tsare mu. Yanzu manhaja ce ke zana hanya tun daren jiya, da jerin garuruwa da lokacin isa kowane. Wanda ya kauce wa layin da ta zana, an rubuta mashi saɓa ƙa'ida.

Wata ranar kasuwa, bayan girbin gero, mun haɗu a tashar Goronyo ni da abokin aikina Shehu, wanda ke jan farar a-kori-kura. Dukanmu layinmu ya bi ta wata yankakkiyar hanya da ke ratsa daji. 'Yan kabu-kabu sunka ce kada mu bi ta, tun safe ba wanda ya fito daga can, kuma shirun bai yi masu daɗi ba. Na ce wa Shehu mu zagaya. Ya daɗe yana kallon wayarshi, sannan ya ce, "Garba, sati biyu ke nan ina ja. In na kauce yau, aikin ya tafi, ga yara." Na zagaya, shi ya bi layi.

'Yan bindiga sun tare shi a tsakiyar dajin. Sun kwashe kaya, sun karya mashi hannu da gindin bindiga, sun bar shi kwance gefen mota. Allah ya sa da sauran kwana, wasu masu amalanke sunka tsince shi. Ni kuwa na isa lafiya, na ishe an rage mani maki saboda na saɓa hanya.

Da na je duba shi asibiti ya faɗa mani abin da har yanzu ke hana ni sukuni. Ya ce ba su tsaya bincike ba. Babbansu ya ce mashi, ina fitilun sola da batura? Fitilun kuwa suna can ƙasan lodi, an danne su da katan-katan na taliya, an lulluɓe da tamfol. Mai tsayuwa waje ba shi da yadda zai gan su.

Ba ni cewa daga manhaja labarin ya fita, don ban gani da idona ba, kuma ina tsoron Allah. Yana yiwuwa wani cikin masu lodi ne ya yi surutu wurin mai shayi. Yana yiwuwa daga wurin wanda ya yi odar ne. Amma da can abin da mai lodi ya sani kaya ne kawai, bai san hanya ba, bai san lokaci ba. Yanzu akwai wuri guda da kaya da hanya da lokaci duk sunka taru, da ɗigon da ke nuna inda mota take tana tafiya. Na tambayi Malam Nasiru su wa ke ganin wanga ɗigo. Ya ce shi yana gani, ofishinku na gani, su ma waɗanda sunka ƙera manhajar suna gani daga inda suke, bai san ko ina ne ba. Ni da kaina na sha shiga ofishin depo in ishe allon kwamfuta a buɗe, motocinmu na yawo bisa taswira, babu jami'i ko ɗaya, sai masu shigowa sa caji da masu neman ruwan sha. Shin in kai ne ke cikin motar, mi za ka ji?

Shehu na kwance da ɗauri a hannu, matarshi ta miƙo mani wayarshi ta ce saƙo na ta shigowa, in duba ko kamfani ne ke jajantawa. Na karanta a zuci. An rubuta cewa bai buɗe manhaja ba yau, makinshi ya ragu. Na ce mata gaisuwa ce, don ban iya faɗa mata gaskiya ba.

Na uku, maganar hoto.

Bayan abin da ya samu Shehu, mun zaci za a sassauta. Sai ga sabuwar doka: kowane kaya munka sauke, sai mun ɗauki hoton da zai nuna kayan da fuskar shagon da mai shagon. A birni wataƙila wanga ba komi ba ne. A ƙauyukanmu, mutumin da ke yawo gari-gari yana ɗaukar hoton shaguna, suna guda gare shi, kuma ka san sunan: infoma.

A wani ƙauye gaba da Maikujera, kwanaki kaɗan bayan an shiga wani gari kusa da su an ɗauki mutane, na sauke kaya a shagon wani dattijo da ake kira Baba Maidamma. Na ja da baya don shagon shi fito cikin hoto. Ban sauke hannu ba sai na ji an riƙe mani wuyan riga. 'Yan sa-kai ne na garin. Sunka amshe wayar sunka buɗe. Mi sunka gani? Hoton shagunan yankin kaf, kowane da fuskar mai shi, ga taswira da alama bisa kowane shago, ga layi ya bi ta daji. Ranka shi daɗe, ko ni anka nuna wa wagga waya anka ce ta wani ce, zan yi zargin abin da sunka yi.

Sun zaunar da ni ƙasa gindin wata itaciyar bedi, mutane sunka yi ta taruwa. Ina bayani, ba mai saurare. Wani na cewa a kai ni bayan gari. Wata mata da anka ɗauki ƙanenta a wancan gari ta tsaya tana kallona kawai, kuma kallon nata ya fi mani zafi bisa zagin da ake yi. Na tuna iyalina, na yi kalmar shahada a zuciyata.

Baba Maidamma ne Allah ya yi sanadi da shi. Ya san mahaifina tun suna kai albasa kasuwa tare. Ya kirawo liman da maigari, ya ratsa taron da sandarshi ya tsaya gabana ya ce, "Wanga ɗan Maccido na. Ni ka sayen kaya hannunai tun ba ku san hanyar kasuwa ba. Ku sake shi, in da magana ku riƙe ni." Da ƙyar sunka yarda, bayan an goge hotunan garinsu a gabansu. Da zan tafi, dattijon ya rako ni har mota ya ce, "Kaya ka ci gaba da kawowa, ɗana. Amma wagga waya kada ka koma fiddo ta ƙofar shagona. Yau na tsaya maka, gobe ban san ko ina gari ba."

Da na samu sabis na kira depo na faɗi abin da ya faru. Anka ce in shigar da rahoto cikin manhaja. Na buɗe, ta ba ni zaɓi: mota ta lalace, mai shago ba ya nan, hanya ta toshe. Babu gurbin mutumin da ya kusa rasa ranshi saboda bin umurnin kamfani. Tun daga ranar na daina ɗaukar hoto a ƙauyuka, kuma na faɗa wa Malam Nasiru baki da baki cewa na daina. Tun daga ranar nike ja.

Na huɗu, abin da manhajar ke kwasa.

Ranar da anka sa mana ita, ta nemi izinin shiga lambobin da ke wayata da hotuna da abin ɗaukar magana. Na ce mi ya haɗa kai taliya da lambar surukata? Anka ce in ban yarda ba, ba za ta buɗe ba, in kuma ba ta buɗe ba babu lodi. Wayar tawa ce, data ni ke saye, amma ko ranar hutu in na duba sai in ga alamar tana aiki. Na kai matata asibitin Wurno ranar da ba ni da aiki, washegari Malam Nasiru ya tambaye ni jikin wa. Da kyakkyawar niyya ya tambaya, mutumin kirki ne. Sai dai ni ban faɗa wa kowa na je asibiti ba.

Masu shagunan nan kuma da ƙafata na samo su, wasu sai da na yi ta zarya kafin su yarda su bar inda suke saye. Yanzu saƙo na shiga wayoyinsu da sunan kamfani, ana ce masu su yi oda kai tsaye, kowane direba aka samu zai kawo. Suna tambayata ina kamfani ya samu lambarsu. Daga hannuna ya samu, ni na shigar, ban san don haka ake tarawa ba.

Na biyar, su wa ke ja.

A bangon depo ana liƙa sunayenmu kowane sati, kore a sama, ja a ƙasa. Na daɗe ina kallon wanga jeri. Waɗanda ke sama su ne sababbin da anka ɗauka aikin kullum-kullum, masu zagaya cikin garin Wurno da bakin titi, inda sabis ya cika kuma ba mai tsoron hoto. Waɗanda ke ƙasa mu ne tsofaffin direbobi masu takardar ɗaukar aiki, waɗanda ake turawa ƙauyuka masu nisa saboda an ce mun san hanya. Manhaja ce ke raba hanyoyin, ita ce kuma ke ba da makin. Wanda ta tura Lahodu ta riga ta san ba zai samu sabis ba. To zuciya dole ta yi tambaya: shin makin nan yana auna aiki ne, ko kuwa hanya ce ta sallamar tsofaffin ma'aikata ba tare da an ce an kore su ba? Kafin ni an dakatar da wasu cikinmu, kuma ban ga wanda ya dawo ba. Shehu ma hannunshi ya warke, amma an ce mashi asusunshi na manhaja a rufe yake, shi jira. Yana can yana taya wanshi ban ruwa a fadamar Goronyo da hannu ɗaya da rabi.

Ni kuwa satin da ya wuce na iso depo da safe na ishe an ba wani makullin motata. Ba wanda ya kira ni ofis, ba wanda ya dube ni ya ce Garba ka yi kaza. Saƙo ne ya shigo waya cewa an dakatar da ni saboda ƙarancin bin ƙa'ida. Kaya bai taɓa ɓacewa hannuna ba, mai shago bai taɓa kawo ƙarata ba, kuma Malam Nasiru zai shaida. Sabon direban mutumin birni ne, mai ladabi, har ya gaishe ni ya ce in yi haƙuri. Ba ni da haushinshi. Tsoro nike ji mashi, don zai bi layi yadda anka zana, zai ɗaga waya shi ɗauki hoto yadda anka ce, kuma babu dattijon da ya san ubanshi a waɗannan garuruwa.

Saboda haka, ranka shi daɗe, ga abin da nike roƙo.

A faɗa mana a rubuce, da Hausa, su wa da wa ke iya ganin inda motocinmu suke da abin da sunka ɗauko, a cikin kamfani da wajenshi. A rufe allon depo ga wanda ba aikinshi ba ne. A bincika yadda labarin lodin Shehu ya fita, a faɗa mashi abin da anka gano, ko da abin da anka gano shi ne ba a sani ba.

A bar wa direba ikon sauya hanya in ya ji labarin da bai gamsu da shi ba, kada a hukunta shi. A janye dokar hoto a ƙauyuka tun ba ta ci ran wani ba. A daina lissafa sallah cikin tsayuwa ba dalili. In kamfani na son manhaja, shi ba da wayar aiki da za mu aje a depo in mun tashi, a bar mana namu.

A mai da Shehu bakin aikinshi kafin ni, don shi ya bi ƙa'idarku har ƙarshe. Ni kuma in akwai laifin da na yi, mutum mai rai shi zaunar da ni shi faɗa mani, in ba da amsa.

Roƙona na ƙarshe ba ya buƙatar taro ko takarda. Ka zo Wurno wata safiya, ba da rakiyar jami'an tsaro ba, ka zauna gaban mota kusa da direba. Ka sa manhajar a wayarka da sunanka, ɗigonka shi fito bisa taswira yadda namu ke fitowa, kowa da ke gani shi gani. A bi layin da ta zana daga Goronyo zuwa ƙauyukan Rabah, ka sauka da kanka ka ɗauki hoton shago na farko. In kun kai bakin daji ka ji hannunka na son kashe wayar, ka kashe, ba wanda zai rage maka maki. Ka dai tuna da mu in ka koma ofis.

Allah shi ba ka ikon yin adalci, shi haɗa ka da masu faɗa maka gaskiya, shi tsare ka da iyalinka a gida da kan hanya. Allah shi kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, shi mai da kowane direba wurin iyalinshi lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Garba Maccido, Marnona.